Famfon Dakko da Shirun da Na Yi

Shekara ashirin da wani abu na yi ina gyaran injin ban-ruwa a Talata Mafara, a wata rumfar kwano da ke bayan kasuwa. Ranar Talata tun da hantsi za ka ga injuna jere a ƙofar rumfata kamar masu jiran likita, wasu daga Bakura, wasu daga Maradun, wasu an ɗauro su a bayan babur tun daga Dosara. Ba na buɗe inji sai na saurare shi. Nakan sa a tayar, in ɗora bakin sukudireba a jikinsa, in kai ƙotar kunnena, sannan in ce wa mai shi boris ne ya tafi, wato zoben ƙwallayen da sandar inji ke juyawa a kai, ko yashi ne ya cinye fankar da ke jan ruwa. Da wuya a buɗe a tarar ba haka ba ne. Da wannan nake alfahari, kuma ta nan aka shigo mini.

Wanda ya koya mini aikin, Allah ya jiƙansa, ya yi aiki a dam yana saurayi, ya ga manyan injunan da ke can da idonsa. Ya sha gaya mini cewa fanka duk ɗaya ce. Ta dam ruwa ne ke juya ta ta ba da wuta, ta famfo kuma ita ake juyawa ta ba da ruwa. Ba ruwanta da abin da ke juya ta, fetur ne ko gas ko lantarki, ita dai a juya ta ta hannun da aka ƙera ta ta bi. Fukafukanta a lanƙwashe suke, tana zaune cikin gida mai siffar dodon-koɗi, in ta wurga ruwa gefe sai gidan ya tattara shi ya kai shi baki. Na riƙe wannan karatu fiye da yadda na riƙe na allo.

Ina da taubashi, ɗan ƙanwar mahaifina, na girme shi da shekara huɗu. Ni ɗan namiji ne, shi ɗan mace, saboda haka tun muna yara bawana nake kiransa, shi kuma ya ce mini maigida mai baƙin farce. Tsakaninmu babu abin da ba a faɗa. Duk zagin da na yi masa a gaban mutane dariya ake yi, kuma al'ada ba ta ba shi damar yin fushi ba. Shi mutum ne da bai zauna a sana'a ɗaya ba. Ya yi gyaran rediyo, ya yi cajin waya, ya ja wayar lantarki a gidajen mutane. A dangi in ana maganar wanda ya kama sana'a ni ake nunawa, in an zo kansa sai a ce Allah ya shirya.

Sai man fetur ya yi tsadar da manoman rani suka fara barin rabin lambu ba shuka. A wannan tsakanin sola ta shigo mana. Da farko ƙananan famfuna ne da ake zurawa cikin rijiyar burtsatse, da farantin zuƙar hasken rana biyu ko uku, su zo cikin kwali komai a haɗe. Taubashina ya tafi Kano ya yi wata biyu wurin masu sayar da su, ya dawo ya fara kafa wa mutane. Ban ɗauki abin a bakin komai ba. Na ce rana ai shanya aka san ta da ita, ba ban-ruwa ba.

Cikin rani biyu layin ƙofar rumfata ya koma rabi. Amma ba raguwar aiki ce ta fi ci mini rai ba. Mutane ne suka fara kiransa Injiniya. Ni da na ƙare ƙuruciyata cikin baƙin mai ban taɓa wuce mai gyara ba, shi da ya yi wata biyu a Kano ya dawo da suna. Ranar sunan ɗiyar wani ɗan'uwanmu a Maradun na riga shi isa, ina zaune a tabarma tare da jama'a. Da ya shigo cikin farar shadda sai mai gidan ya tashi ya ba shi kujerarsa. Wani dattijo da na yi shekara goma ina gyara wa inji ya tsallake ƙafata ya je ya miƙa masa hannu biyu. Na dubi hannuna, na ga layukan baƙin da ko sabulun wanki ya kasa fitarwa, na tura shi ƙarƙashin riga. Wainar sunan nan na ci ta kamar ina tauna ƙasa. A hanyar dawowa matata tana bayan babur ta ce, ba da wata manufa ba, ko mu ma za mu ce ya sa mana faranti ɗaya a gida don fitila. Na ƙara wa babur wuta har muka shiga Mafara.

A Dakko akwai ƙungiyar manoman albasa, su goma sha ɗaya. Lambunansu a jere suke daga bakin gulbi zuwa tudu, magudanar ƙasa guda ɗaya doguwa ke bi ta kansu duka. Suna da wani tsohon famfo na baƙin ƙarfe mai bakin inci huɗu, wanda injin gas ke ja tun zamanin iyayensu. Injin ya mutu murus ana tsakiyar rani, gas ɗin ma da ma ya fi ƙarfinsu. Suka yanke shawarar a bar famfon, a haɗa shi da moto, wato injin lantarki, a jera faranti ya riƙa jan ruwa da rana. Suka ba taubashina aikin. Bai taɓa yin mai girma haka ba, kuma duk wanda ke noman rani daga Bakura zuwa Maradun ya zuba ido ya ga yadda za ta kaya. Shi da kansa ya kawo mini famfon a bayan a-kori-kura.

"Maigida, ga tsohonka na kawo ma. Ka maishe shi saurayi, ni in ba shi rai."

"Kai da ko akuya ba ka iya shayarwa ba, kai za ka shayar da Dakko?"

"Ai shi ya sa na zo wurin mai baƙin farce. Kai ka san ciki, ni na san waya."

Aikin kam na yi shi tsakani da Allah. Na sa sabon boris, na gyara mazaunin fanka, na canja abin da ke hana yoyo. Sannan na yi abin da kowane bakanike a layinmu ke yi, wato fenti. Mu ba mu mayar wa mutum kaya da tsatsa, don in bai ga sheƙi ba gani yake ba a taɓa komai ba. Na kankare shi tas, na shafa masa shuɗin fenti har hawa uku. A jikin irin wannan famfo akwai wata 'yar kibiya da masu ƙira suka fitar, mai nuna hannun da fanka za ta bi. Tasa ta riga ta kusa shafewa, da na kankare na yi fenti sai ta ɓace gaba ɗaya. Ban ma lura ba, don ni ban taɓa neman kibiya ba, siffar gidan ta ishe ni.

Ranar da za a kunna taubashina ya gayyace ni. Na tarar da faranti jere a kan ƙarafa suna ɗaukar ido, ya haɗa komai tsaf, ya ɗaure wayoyi kamar kitso. Har wani murfin kwano ya ƙera ya rufe mahaɗin moto da famfo, don kada ya kama rigar wani. Jama'a sun taru, liman ya yi addu'a. Ni na ɗura wa famfon ruwan farko, shi ya danna. Moto ya ɗauka da wani siririn kuka, ba hayaƙi, ba jijjiga, ba warin gas. Ruwa ya fito daga bututu, mutane suka yi kabbara.

Amma ni na san famfon nan. Lokacin injin gas ruwansa kan yi tsalle ya faɗi taku uku daga baki. Ranar nan zubowa kawai yake yi a gindin bututu, ko rabinsa bai cika ba. Na matsa na ɗora tafin hannu a kan gidan fankar, na ji wani gurnani a ciki wanda ba nasa ba ne. Na zagaya bayan moto inda iska ke shiga, na tsinki ciyawa na zura ta cikin ragar. Tsinken ya kwanta hagu maimakon dama. A baibai fankar ke juyawa.

Injin fetur da na gas hannu ɗaya suka sani, ba su juyawa baya, shi ya sa babu manomin da ya taɓa ganin irin wannan. Moto mai waya uku kuwa duk hannun da aka ba shi shi zai bi, in an musanya waya biyu sai ya juya. Sharrin irin wannan famfo kuma shi ne ko a baibai ba ya ƙin ba da ruwa, sai dai ya ba da kaɗan, mai kallo ya zaci ƙarfi ne babu. Ƙananan famfunan da taubashina ya saba kafawa a haɗe suke zuwa, bai taɓa cin karo da haka ba. Gyaran bai wuce a kashe, a kwance waya biyu, a musanya su ba. Kafin kofin shayi ya huce an gama.

Na buɗe baki zan faɗa, Allah shi ne shaidata. Sai na ji shugaban ƙungiyar yana cewa, "Injiniya, Allah shi yi ma albarka, ka hutasshe mu." Na ga taubashina yana murmushi yana sunkuyar da kai, mutane na dafa kafaɗarsa. Na yar da tsinken, na goge hannu a wando. Na ce wa raina bari sai gobe, ya ɗan ji yadda ake ji.

Tsarin ƙungiyar shi ne ana bi da ruwa daga kai zuwa wutsiya, kowa da lokacinsa. In ruwan na da ƙarfi yakan ruga ya kai ƙarshen magudana kafin ƙasa ta sha rabonta. Wannan kuwa tafiyar hawainiya yake yi, ƙasa na shanye shi a hanya. Mutum huɗun farko suna samu, na tsakiya su jiƙa rabin fangalinsu, na ƙarshe ko laima ba ya gani. Na ƙarshen wani dattijo ne Bafillace da ya daɗe da ajiye kiwo ya zauna a Dakko. Albasarsa ta fara ɗaura kai, lokacin da ta fi bukatar ruwa ke nan.

Taubashina bai zauna ba. Ya wanke faranti safe da yamma, ya karkata su gabas, ya mayar da su kudu. Ya kira mutanensa na Kano suka ce ya ƙara faranti, ya ciro na gidansa ya ƙara, matarsa ta koma kunna aci-bal-bal. Ya sayo wayoyi masu kauri ya canja duka, amma da yake mutum ne mai tsari ya yi wa kowace alama, ya mayar da kowace inda ya ciro 'yar'uwarta. Duk wannan labari yana iso ni a rumfa, wani lokacin daga bakinsa.

Goben da na ce ba ta zo ba. Dole in faɗi gaskiya, daɗi nake ji. Injuna uku da masu su suka jingine suna shirin komawa sola aka kawo mini gyara cikin satin nan. Ranar Talata taubashina yana wucewa ta gaban rumfata, cike take da manoma, na ɗaga murya.

"Ga Injiniyan rana nan. Bawa, an ce ruwanka na Dakko sai an yi mashi kiɗi kahin shi taho?"

Aka kwashe da dariya. Ya tsaya, ya yi yaƙe.

"Maigida, ai kai ka tsorata famfon da muninka, har yau bai dawo daidai ba."

"Ka kai mashi maroƙi. Ko kuwa ka ba kowane manomi buta, sai ta hi sauri."

Da ya wuce, wani manomi daga Bakura wanda na san ya riga ya yi magana da shi kan babban aiki ya matso kusa da ni, ya rage murya. Ya ce, "Malam, ban da wasa, solar ga tana jan babban famfo kuwa?" Ban ce masa a'a ba. Na ɗaga kafaɗa na ce ya je Dakko ya gani da idonsa. Ya je, ya gani, ya fasa.

Da wani ne ke faɗin abin da nake faɗa a kasuwa, da taubashina ya kai ƙararsa wurin manya an tsawata masa. Amma ni taubashi ne, bakina a buɗe yake, nasa a ɗaure. Mutane suna dariya a rumfa, in sun koma gida kuma su ɗauki maganar a matsayin hukuncin wanda ya san famfo. Na san haka sarai lokacin da nake yi.

A kwana na goma da kunnawa taubashina ya zo mini shi kaɗai bayan azahar. Ya faɗa, idanunsa sun shige. Bai ce mai baƙin farce ba.

"Maigida, ba wasa ta kawo ni ba. Ka zo ka buɗe famfon ga, ko wani abu ya toshe ciki."

Na bi shi. Na kwance murfin a gabansa, na nuna masa fankar tas, na juya ta da hannu ya ji ba ta gogar komai. Na ce, "Famfo lahiya lau yake." Kuma gaskiya ce. Da irin wannan nake rarrashin kaina, in ce ai ban yi ƙarya ba, ba a tambaye ni hannun juyi ba. Ya tsuguna a gindin farantin, ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, "To ke nan laihina ne ko na rana." Na ce rana dai ba ta laifi. A hanyar komawa ya tsaya wurin wata mai fura ya saya mini, na sha har da ƙari.

Daga ranar nan salla ta fara yi mini nauyi. In na ɗaga hannu zan yi kabbara sai in ji gurnanin famfon a tafina. Amma in na fito na ji wani ya ce yaron solar nan ashe baki ne kawai, sai nauyin ya sauka, in koma gidan jiya.

Ƙungiya ta gaji. Suka ba shi wa'adi zuwa Alhamis ta sama: in ruwa bai kai wutsiya ba ya kwashe farantansa, su ɗauki hayar injin gas a wurina su ceci abin da ya rage. A ƙasarmu in aka ce an kwashe wa mutum kaya daga Dakko, kafin Talata ta zagayo labarin ya kai Maradun, kuma ba mai sake kiransa ko don fitilar masallaci. Ya san haka, ni ma na sani. Na kuma san cewa da zarar na haɗa injina da famfon nan ya juya ta hannun kirki, ruwa zai yi tsalle a gaban kowa, a ce to ga bambancin gas da rana.

Alhamis da hantsi na kai injin. Taubashina ya kama ɓangaren da ya fi nauyi muka gangara da shi bakin gulbi.

"A hankali maigida, kada bayanka shi tahi ka bar min gadon mata da sukudireba."

Muka ajiye injin a gefen famfon. Kafin a fara kwance moto, shugaban ƙungiya ya ce mu taka mu dubo ƙarshen magudana, don in san yawan ruwan da ake bukata. Muka bi ta gefen fangali. Na farko kore shar, na tsakiya sun fara rawaya. Da muka isa wutsiya na ga ganyen albasa kwance, bakinsa ya yi fari ya murɗe, ƙasa ta tsage. Dattijon nan yana tahowa daga gulbi da jarka biyu rataye a sanda a wuyansa, matarsa na biye da bokiti a ka. Kwana da kwanaki haka suke yi, tazarar kuma ba kaɗan ba ce. Ya sauke, ya numfasa, ya gaishe ni doguwar gaisuwa, ya tambayi gida da iyali da mutanen Mafara ɗaya bayan ɗaya. Sannan a gaban kowa ya ce:

"Malam bakanike, kai ne babba ga aikin ga. Mu ba mu san ciki ba, abin da anka ce muna shi muka bi. Kahin a kwance kayan yaron ga, ina son ka hwaɗa muna tsakaninka da Allah. Rana ce ba ta iya jan famfon ga, ko akwai abin da ba a duba ba?"

Kwana goma sha tara ke nan, ba wanda ya taɓa sa ni a gaba da tambaya miƙe haka. Duk ƙofofin da nake bi in zille ya rufe su. In na ce rana ce, na yi ƙarya da sunan Allah. 

Ya kamata a nan in ce na sani tun ranar farko. Ban ce ba. Na ce bari in ƙara saurare. Muka koma bakin gulbi, aka kunna, na ciro sukudireba na kai kunne, na yamutsa fuska kamar mai jin sabon abu. Na zagaya famfon sau biyu. Na je bayan moto, na tsinki ciyawa na zura, na girgiza kai a hankali don kowa ya gani.

"Bawa, kashe. Musanya wayoyin ga biyu."

"Maigida, sau nawa ina duba wayoyin ga."

"Musanya dai."

Ya musanya. Na sake ɗura ruwa, ya danna. Moto ya ɗauka, sai famfon ya yi wani zurfin kuka irin wanda na san shi da shi, ruwa ya cika bututu ya yi tsalle ya ture dutsen da aka sa a bakin magudana. Da ƙarin farantan da ya sa, ya ma fi na zamanin gas. Mutane suka bi kan ruwan da ƙafa, suna cire ciyawa daga gabansa, har ya shiga fangalin dattijon kafin kiran azahar.

Shugaban ƙungiya ya riƙe hannuna baƙi ƙirin da hannu biyu, ya ce, "Ashe Injiniya ma da nashi malami." Aka yi ta sa mini albarka. Farantai suka tsira, amma labarin da ya fita daga Dakko ranar nan shi ne mai sola ya yi kusan sati uku yana lalube, bakaniken Mafara ya zo ya ji da kunne cikin ƙiftawar ido. Abin da na nema na samu, har ya fi.

Muna komawa, kowa a babur ɗinsa, taubashina ya sha gabana ya tsaya ƙarƙashin wata tsamiya kafin a hau kwalta. Na tsaya. Bai sauka ba, bai kuma dube ni ba.

"Ran da anka kunna, na gan ka bayan moto da tsinke. Ban kawo komi ga raina ba. Yau kuma na gan ka da tsinke, wuri guda."

Na kashe babur ɗina. Ya ƙara da cewa:

"Tun ran nan ka sani?"

"Tun ran nan."

Ya daɗe yana murza hannun babur. Ya ce, "Da ka ce in durƙusa tsakiyar kasuwa in roƙe ka, da na durƙusa. Ai kai ne maigida." Na fara cewa ya yi haƙuri, ya ɗaga hannu. "Ni kam na ji. Albasar tsohon ga hwa?" Ya tayar ya tafi.

Ruwan ya zo wa dattijon a makare. Fiye da rabin albasarsa ta tsaya kamar goro, sauran ma ba ta yi nauyi ba. Lokacin cira na je na same shi a ƙarƙashin rumfar kara yana ware ƙanana daga manya. Na zauna a ƙasa na gaya masa komai, tun daga tsinken farko. Bai daina warewa ba har na gama. Can ya ce:

"Abin da ya bushe ya bushe. Nawa na yahe, don ni ma ina neman a yahe min. Amma yaron ga har yau ana ce mashi wanda ya kasa. Wannan ba wurina za ka gyara shi ba."

Na yi Juma'a biyu ina ɗaura niyya ina kwancewa. A ta uku na je na yi salla a Dakko. Bayan an sallame, inda 'yan ƙungiya kan zauna a inuwar masallaci, na nemi izinin magana. Na ce fentina ne ya shafe kibiyar da za ta nuna masa hanya. Na ce aikinsa ba shi da aibi sai waya biyu, kuma na gani tun ranar farko na yi shiru. Na ce ranar da na buɗe famfon a gabansa na sani, ranar da nake masa ba'a a kasuwa na sani, kuma sauraren da na yi da sukudireba ranar Alhamis wasan kwaikwayo ne. Wani daga cikinsu ya ce, "To don mi?" Na ce hassada. Ban sami wata kalma ba.

Shugaban ya dube ni ya ce, "Haka aka wasan taubashi a Mafara?" Ba wanda ya yi dariya. Wanda lambunsa ke tsakiya ya tashi ya kakkaɓe riga ya tafi ba sallama. Liman ya yi 'yar nasiha, aka shafa fatiha, na hau babur ba wanda ya raka ni.

Labarin ya bi hanyar da na farkon ya bi. Kafin damina manomin nan na Bakura ya sake kiran taubashina, aka kafa masa nasa, daga nan wasu biyu a Maradun suka biyo. Yanzu in ka bi bakin gulbi da rani za ka yi tafiya mai tsawo ba ka ji ƙarar inji ba, sai kukan ruwa. Mutanen Dakko ba su ƙara kawo mini ko fulogi ba, kuma ban ga laifinsu ba. Shi kuwa yana aiko mini da tsofaffin famfuna in gyara, don har yanzu ba wanda ya fi ni sanin cikinsu a nan, kuma shi ba ya haɗa aiki da abin da ke ransa.

In mun haɗu yakan tsaya ya gaishe ni cikakkiyar gaisuwa, ya tambayi iyali, ya ce mini Malam. Sau ɗaya na gwada ce masa bawa, ya yi ɗan murmushi ya ce, "Na'am, Malam." Ban ƙara ba.

Ranar sallar layya da ta wuce mun haɗu a ɗakin gwaggona, mahaifiyarsa, mun je gaisuwa. Ta tsufa, idonta ya yi rauni, amma kunnenta ras. Ta saurari yadda muka gaisa, ta ce mi ya same ku, ku da ba a raba ku da zage-zage? Ya ce, "Inna, girma ya zo." Ta juyo wajena tana jira, na sunkuyar da kai. Ita kaɗai ce ban gaya wa ba har yanzu, shi ma bai gaya mata ba.